Ziyarar ikilisiyoyin ƙetare: kurakuran da baƙi daga Damagaram suka fi yi da yadda ake gyara su

Gayyata ta zo daga wata ikilisiya a Faransa, ko Jamus, ko Ingila, ko Koriya ta Kudu, ko Habasha. An ce fasto ya zo da dattijo ɗaya da shugabar zumuntar mata, su yi mako biyu su ga yadda ake hidima a can. Ikilisiya ta yi murna, an yi addu'a, an kai yadi wurin tela. Bayan an dawo, waya cike da hotuna, in dattawa suka zauna suka ce, “To Baba Fasto, me aka gano?” sai amsar ta tsaya a kan girman gini da tsananin sanyi. Kuɗin jirgi sun tafi, abin da aka je koyo bai zo ba. Abin da ke jawo haka ƙananan kurakurai ne da ake ta maimaitawa, kuma da yawansu tun ba a bar gida ba ake yin su.

Na farko shi ne tashi ba a san takamaimai wa ya yi gayyatar ba. Akwai bambanci tsakanin mutum ɗaya mai kirki da ya taɓa zuwa asibitin mishan na Galmi aikin sa-kai ya ce “ku zo mana wata rana”, da ikilisiyar da kwamitinta ya zauna ya amince, ya ware kuɗi, ya naɗa wanda zai kula da baƙi. A nemi wasiƙa a kan takardar ikilisiyar, da sa hannun shugabanta, wadda ta faɗi sunan kowane baƙo daidai da yadda yake a fasfo, ranar zuwa da ta komawa, inda za a sauka, da wanda zai biya tikiti, abinci, mota da asibiti in ta kama. Abin da ba a rubuta ba, ka ɗauka kai za ka biya. Kai ma ka riƙe wasiƙar shugabannin ɗarikarka, ko EERN ce (Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar) ko wata. Ɗan Katolika kuwa ta hannun fada zai bi, ita ma Damagaram tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi ne, kuma fadan da zai yi hidimar bagadi a wata ƙasa sai da takardar bishop ɗinsa.

Batun biza

Nan ne tafiye-tafiye da yawa ke mutuwa. Bizar Shengen, wadda ke shigar da mutum Faransa, Jamus, Beljiyam da sauransu, tana ba da kwana 90 ne cikin kowane kwana 180. Ana iya ajiye takardu tun saura wata shida, kuma doka ta ce kada a wuce saura kwana 15. Mutane sukan riƙe wannan kwana 15 ɗin su zauna, alhali amsa na iya kai kwana 45, kafin nan ma samun ranar ganawa wani aiki ne. A fara saura wata uku, in da hali huɗu. Fasfo ya zama bai wuce shekara goma da bugawa ba, yana da shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar da za a baro can. Inshorar lafiya ta kai yuro 30,000 kuma ta rufe dukan kwanakin tafiyar a dukan ƙasashen Shengen. Kuɗin bizar babba yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, wajen jaka 59 ke nan tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kuma in an hana ba a mayarwa.

Wasiƙar fasto ba ta maye gurbin takardar masauki. A Faransa, in a gidan wani za ka sauka, shi ne zai je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar da ake kira attestation d'accueil, ya aiko ainihinta, hoto ta WhatsApp ba ya wadatarwa. Jamus ma tana da tata takardar ɗaukar nauyi da mai masauki ke sa wa hannu a gaban hukuma. Sannan a tuna ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, don haka kafin a hau mota a yi kilomita wajen 900 zuwa Yamai, a tabbatar da ofishin da ke karɓar takardun ƙasar da za a je, da garin da yake. Ana ɗaukar hoton yatsu, wannan kuwa ba a aike.

Abin da mai ba da biza ke nema a cikin tulin takardun nan guda ne: hujjar cewa za ka dawo. Takardar aiki da ta hutu, takardar aure, na haihuwar yara, takardar fili ko gona, bayanan asusun banki na ƴan watannin baya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ari miliyan biyu a zuba a asusu saura mako ɗaya. Mai dubawa yana ganin asusun da ya saba juya jaka hamsin ya kumbura dare ɗaya, ya san abin da aka yi. Gara ƙaramin asusu na gaskiya tare da takardar da ta nuna mai gayyata ne zai ɗauki nauyi. Kada kuma a biya kuɗin tikitin da ba a mayarwa kafin biza ta fito.

Wani abu da fastoci ke tuntuɓe a kai: bizar baƙo ba ta aiki ba ce. Ingila, alal misali, ta yarda ma'aikacin addini da ya zo ziyara ya yi wa'azi ko ya yi aikin kiwo, amma ba ya kama aikin albashi ba. Kowace ƙasa da nata iyaka. In za ka hau mumbari, a rubuta haka a wasiƙar gayyata tun farko, kada jami'in filin jirgi ya fara jin labarin daga bakinka.

Lokaci ma ana kuskurensa. Watannin Yuli da Agusta a Turai hutu ne. Makarantar Lahadi ta tsaya, ƙungiyar mawaƙa ta watse, faston ma ya kwashi iyalinsa ya tafi bakin teku. Wanda ya je lokacin zai tarar da kujeru, ya dawo yana cewa ikilisiyar Turai ta mutu. Ga shi kuma lokacin noma ne a gida. Daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba, ko daga Maris zuwa Mayu, shi ne ayyuka ke tafiya sosai. Wanda ya zaɓi Disamba ko Janairu ya sani hunturunmu ba a bakin komai yake ba: ruwa na daskarewa a waje, kuma a Ingila ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Babbar riga da hula ba sa tare wannan sanyin. A roƙi mai masauki ya zo filin jirgi da rigar sanyi mai kauri, abu ne da suka saba yi, a sa dogon wando mai ɗumi a ƙarƙashin kaya, da safa da takalmi rufaffe.

Kilishi da cuku

Ba Badamagaren da zai so ya je gidan mutane hannu rabbana, kuma abin da ke fara zuwa rai shi ne kilishi. To dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama da duk abin da aka yi da madara, ko busasshe ne, ko an naɗe shi cikin leda goma. Kilishi, dambun nama, cuku, man shanu, duk suna ciki. Amurka ma ba ta wasa da batun nama. Akwai karnukan da aikinsu ke nan a wurin ɗaukar kaya: kare ya zo ya zauna gefen akwatinka, jami'i ya ce buɗe, a zazzage kaya a kan tebur gaban jama'a, ƙunshin da aka kashe jaka ashirin a kansa ya tafi kwandon shara, wani lokaci har da tara. Mai masauki kuwa yana waje yana duba agogo. Abin da ke tafiya lafiya kuma ake jin daɗinsa shi ne aikin dukawan garin nan, jaka ko alabe ko matashin fata, da ɗan zane mai kyau, da faifai, da hoton ikilisiya a cikin firam. Littafi Mai Tsarki na Hausa ma kyauta ce da ake ajiyewa, sai ka gaya musu tun 1932 aka fara buga shi cikakke.

Kuɗin hannu in sun kai yuro 10,000 sai an bayyana su a kan iyakar Turai. Katin rigakafin shawara ya kasance a jakar hannu tare da fasfo, allurar tana fara aiki a takarda bayan kwana goma, kuma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganin da zai kai shi har dawowa, cikin kwalinsa, da takardar likita, don a can ba a shiga kanti a ce a ba ni. Abu ɗaya da ke da haɗari sosai: zazzaɓin cizon sauro kan tashi bayan an isa, likitan ƙauyen Jamus kuwa yana iya ɗauka mura ce. Duk wanda jikinsa ya yi zafi ya faɗa da bakinsa cewa daga ƙasar sauro ya fito, a gwada jini a ranar.

Ranar Lahadi kaɗai ba ta nuna hidima

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma shi ya fi cin asara. Baƙi sukan bari a tsara musu ziyara daga wannan mumbari zuwa wancan: Lahadi a nan, Laraba da dare a can, a tsakani kuma yawon ganin gari. Alhali sujadar Lahadi a yawancin ikilisiyoyin Turai awa ɗaya ce ko da ƴan mintoci, mutane su sha shayi su watse. Ainihin aikin yana tsakanin Litinin da Asabar, a ɗakunan bayan majami'a, a asibiti, a gidan tsofaffi, a kurkuku, a bakin titi. Tun kana gida ka rubuta musu cewa kana so ka bi ma'aikaci ɗaya yini guda cur, daga buɗe ƙofa har rufewa, kuma a bar ka ka sa hannu.

Ɗauki rumbun abinci na ikilisiyoyin Ingila. In aka zagaya da kai minti goma, abin da za ka gani gwangwanaye ne a kan kanta. In ka yini, za ka ga yadda abin ke tafiya. Ana tara abincin ne a bakin manyan kantuna da makarantu da majami'u, a auna nauyinsa, a duba ranar lalacewar kowane gwangwani a rubuta da babban alƙalami, a jera na kusa da lalacewa a gaba. A yawancinsu mai buƙata ba ya zuwa haka kawai, yana zuwa ne da takardar da likita, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, ko ofishin ba da shawara ya ba shi. Ana haɗa masa abincin kwana uku gwargwadon yawan bakin gidansa. Kafin a gama haɗawa, wata tsohuwa ta zaunar da shi ta ba shi shayi, ta tambaye shi abin da ya kawo shi wannan hali, bashi ne, ko aiki ya tsaya, ko kuɗin gwamnati ne suka makara, ta nuna masa ofishin da zai je. Wannan zaman na minti ashirin shi ne hidimar, kuma ba ya fitowa a hoto.

Haka ƴan sa-kai na ikilisiyoyi masu fita da dare, aikin da aka fara a Landan a 2003. Daren Juma'a da Asabar, daga wajen ƙarfe goma har kusan asuba, suna yawo cikin riga mai shaida a unguwannin mashaya, ɗauke da ruwa da bargo da silifas na roba don ƴan matan da suka cire dogon takalmi suna tafiya a kan fasassun kwalabe. Ba sa wa'azi sai an tambaye su. Sai sun yi horo kafin su fita, kuma ƴan sanda da hukumar gari sun san da su. A Koriya ta Kudu kuwa, wanda ya je ya ga babbar majami'ar Yoido a Seul ya dawo ya ga gini ne kawai. Abin dubawa shi ne addu'ar asuba da ake yi kullum wajen ƙarfe biyar, da ƙananan ƙungiyoyin gida-gida, wa ke jagorantarsu, mutum nawa ne a kowace, yaushe ake raba ta biyu, wa suke kai wa rahoto.

Ko'ina ka je, tambayoyin kusan ɗaya ne, kuma a rubuta amsar a littafi a wurin, don bayan kwana goma komai ya cakuɗe. Mutum nawa ke aikin, nawa ake biya, nawa ne ƴan sa-kai? Awa nawa kowa ke bayarwa a mako? Nawa aikin ke ci a shekara, kuma daga ina kuɗin ke fitowa? Wace takardar izini hukuma ta nema? Sai tambayar da baƙi ke jin nauyin yi, ita ce kuwa ta fi amfani: me kuka gwada bai yi ba, me ya sa kuka daina? Turawa ba sa jin haushin wannan tambaya, sau da yawa ma ita ce ke buɗe bakinsu.

Tambayar kuɗin tana da muhimmanci don tana hana mutum yanke hukuncin banza. Baƙo ya ga asibitoci da gidajen renon yara na Diakonie ko Caritas, ƙungiyoyin agaji na ikilisiyoyi a Jamus, ya ga majami'a rabinta wofi ranar Lahadi, sai lissafi ya ƙi fita. Bayanin shi ne a can gwamnati ce ke karɓar wa manyan ikilisiyoyi haraji daga membobinsu, kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin da mutum ke biya a kan abin da yake samu, sannan yawancin kuɗin asibitocin da gidajen tsofaffin daga inshora da hukuma suke fitowa. A Ingila, in mai biyan haraji ya ba da fam ɗaya ya cike takarda, gwamnati na ƙara wa ikilisiyar kwata. A Faransa kuma tun dokar 1905 gwamnati ba ta biyan limaman addini a yawancin ƙasar, amma tsofaffin majami'un Katolika da aka gina kafin lokacin mallakar hukuma ne, ita ke da nauyin ginin. Wanda bai san waɗannan ba zai dawo ya tsaya gaban manoma da ƴan kabu-kabu yana musu faɗan rashin bayarwa, yana gwada baikonsu da abin da ba baiko ne ya gina shi ba.

In an ba ka magana

In aka ce minti goma, minti goma ake nufi, kuma in da tafinta, naka biyar ne. Gaisuwar da muka saba, ta shugabanni ɗaya bayan ɗaya da saƙon kowane reshe, ita kaɗai za ta cinye su. Jimla ɗaya ta gaisuwa ta isa. A zauna da tafinta tun daren jiya, a ba shi ayoyin da za a karanta don ya nemo su a nasa juyin, a gaya masa duk wani karin magana da za a kawo, in ya kasa juya shi a bar shi. A yi gajerun jimloli, a tsaya, a kalli jama'a ba tafinta ba. Ɗaga murya da muke ji kamar ƙarfin wa'azi ne, a wasu wuraren tsoro yake ba su.

Yawancin masu sauraro ba su san Nijar ba, wasu ma za su ɗauka Najeriya ce. Ka riƙe taswira da ƴan bayanai tabbatattu: cewa Kirista ƴan kaɗan ne ƙwarai a cikin al'ummar da kusan dukanta Musulmi ce, cewa a nan Damagaram ƙungiyar mishan ta SIM ta fara aikinta a ƙasar a 1924, cewa asibitin Galmi yana aiki tun 1950. Tabbas kuma za a tambaye ka abin da ya faru ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a garin nan, washegari a Yamai. Kuskure biyu ake yi a nan. Wani ya share zancen kamar ba a yi ba. Wani kuma ya ga idanun mutane sun kawo ruwa, ya ga hannu na shiga aljihu, sai ya ƙara gishiri, ya mai da zamanmu kamar kullum cikin wuta muke. Faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ka faɗi har da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu, ka faɗi cewa kasuwa ɗaya muke ci, layin famfo ɗaya muke bi, ana zuwa wa juna suna da gaisuwar mutuwa. Ana ɗaukar irin wannan jawabi a bidiyo a sa a YouTube, kafin ka sauka daga jirgi an gani a Zango da Birni. Duk abin da ba za ka iya maimaitawa gaban mai unguwarku ba, kada ka faɗe shi a can. Sunan wanda ya karɓi bangaskiya daga wani gida, da hotonsa, da sunan ƙauyensu, ba naka ba ne da za ka bayar.

Roƙo shi ne abin da ya fi saurin kashe zumunci. An zauna cin abinci daren farko, baƙo ya zaro takardar ginin majami'a da ta mota da ta kuɗin makarantar ƴaƴansa. Mai gida zai yi murmushi, amma ya riga ya ja baya. A yawancin ikilisiyoyin can fasto ba shi da ikon taɓa asusu, kwamiti ne ke yanke shawara, a kan kasafin da aka tsara tun bara, kuma su ma hukuma na bin sawun duk abin da suka aika waje. In akwai buƙata, a bari sai an tambaya ko sai zaman ƙarshe, a kawo aiki ɗaya tak a shafi ɗaya ko biyu: mene ne, wa zai amfana, nawa ne a sefa da yuro, nawa ikilisiyar gida ta riga ta tara, wa zai sa hannu, yaushe za a aika rahoto da rasit. Kuɗin su bi ta asusun ikilisiya. In wani ya danƙa maka ambulan a bakin ƙofa, tambaye shi a wurin, na aljihunka ne ko na aiki, ka rubuta, ka sanar da abokan tafiya. Rigimar ambulan ta raba dattawa da yawa bayan an dawo.

Abin da za ka tarar ya bambanta da na gida

Jibin Ubangiji ba ko'ina ake miƙa hannu ba. A Katolika da Otodoks na membobinsu ne, baƙo ya zauna a wurinsa cikin ladabi. A wasu ikilisiyoyin Furotesta kuma ruwan inabi mai sa maye ne a ƙoƙon, wanda bai saba ba ya tambaya tun kafin a fara. Za ka iya tarar da mace ce fasto, Cocin Ingila tana naɗa mata tun 1994, ta sami bishop mace ta farko a 2015. Za ka iya ganin kwalbar giya a teburin dattijon ikilisiya. Akwai kuma batutuwan aure da suka raba ɗarikoki da dama a can. Duk waɗannan a bincika matsayin masu gayyata tun ana gida, shugabanni su yanke ko za a je. In an riga an je, teburin mai masauki ba wurin gardama ba ne. “Na gode, ba na sha” ta wadatar, in kuma an tambayi ra'ayinka ka faɗa a taƙaice ba tare da zagi ba.

Habasha tana da nata tarkon, agogo. Suna fara ƙirga awa daga fitowar rana, don haka ƙarfe uku nasu na safe ƙarfe tara ne namu. Duk lokacin da aka ba ka, ka tambaya na wane agogo ne. Kalandarsu wata 13 ce, Kirsimeti kuma 7 ga Janairu, kamar Kibɗawan Masar. A majami'ar Otodoks ana cire takalmi, maza gefe mata gefe, mata su rufe kai, kuma Laraba da Juma'a ba a cin nama ko madara, kada ka sa mai masauki cikin kunya da neman tsire. Ikilisiyar Kale Heywet daga aikin SIM ta fito kamar da yawa daga cikin namu, shi ya sa tsarinta zai yi maka kama da na gida, kuma darasinta ya fi saurin karɓuwa a nan fiye da na Turai. Adis Ababa tana sama da mita 2,300, dattijo ya yi kwana ɗaya ko biyu yana hutawa kafin a fara zirga-zirga da shi.

Yara kuma a kiyaye. A gida ɗaukar ɗan wani a cinya ko a ba shi alewa alheri ne. A Ingila duk mai aiki da yara a ikilisiya sai an binciki tarihinsa a hukumance, kuma ƙa'ida ce babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai. Kada ka ɗauki hoton yara, ko na masu karɓar abinci, ko na marasa lafiya, balle ka sa a Facebook, sai da izini a fili. In an kai ka ajin makarantar Lahadi, tsaya inda malamar ta tsayar da kai.

Bayan an dawo

Mai zumuɗi yakan so ya dasa duk abin da ya gani a mako na farko. An sayi majigi da manyan lasifikoki, wuta ta ɗauke, ƙura ta shiga, bayan wata uku suna cikin kwali. Abin da ake ɗaukowa shi ne tsarin, a zuba shi a kayan gida. Rumbun gwangwani ba zai yi a nan ba, amma rajistarsa za ta yi: a sayi hatsi da kaka yana da araha, a rubuta tiya nawa ta shiga, mutum biyu su riƙe makulli, a sa ƙa'idar wanda za a ba da yawan da za a ba shi, a buɗe lokacin da rumbunan mutane suka ƙare kafin sabon hatsi, a kuma yanke tun farko cewa maƙwabci mabukaci ba a tambayarsa addininsa. Addu'ar asuba ba ta cin ko dala, garin ma a farke yake a lokacin. Ƙa'idar kada babba ya keɓe da yaro ita ma kyauta ce. A zaɓi abu ɗaya, a gwada shi wata shida, sannan a duba.

Rahoto a rubuta shi cikin mako biyu, tun littafin yana da ɗumi, a karanta wa dattawa, a ba zumuntar mata da matasa nasu lokacin, tare da lissafin kowane kuɗi da kowace kyauta da aka karɓa da sunan ikilisiya. Wasiƙar godiya ta tafi cikin makon farko, kuma a gayyace su su ma su zo, a faɗa musu gaskiyar yanayin hanya da na tsaro, a ba su watannin sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Sai batun da ba a son faɗa. Wani lokaci ana tafiya mutum huɗu a dawo uku. Wanda ya zame ya ɗauka kansa kaɗai ya jefa cikin kasada, alhali mai masaukin da ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyi shi hukuma za ta nema, a Jamus har kuɗin da aka kashe a kan baƙon ana iya bin sa. Sunan ikilisiyar da ta aika ya ɓaci a ofishin biza, na bayansa kuma su sha hani ba su san dalili ba. Tun Oktoban 2025 ƙasashen Shengen suka fara rubuta shiga da fitar baƙi a kwamfuta da hoton fuska da na yatsu, ko kwana ɗaya aka ƙara yana fitowa. Don haka zaɓen wanda zai tafi aikin dattawa ne, a yi shi da ido buɗe, a zauna da kowane matafiyi da iyalinsa kafin a kai sunansa. In kuwa rashin lafiya ko soke jirgi ne ya tsare mutum, ya je hukumar baƙi ta garin tare da mai masaukinsa kafin bizar ta ƙare, da takardar likita ko ta kamfanin jirgin a hannu, ya nemi ƙarin kwanaki a rubuce.